Ƙarfen Wasa

Mahaifina maƙeri ne, kuma na yi shekara goma sha wani abu a Kano ina ɓoye wannan magana. In aka tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don a ƙauyenmu da ke gefen Toranke babu gidan da ba ya noma. Amma abin da ya ciyar da mu, ya ɗinka min wandon makaranta, guduma ce da zugazugi.

Abin ya faro tun ina firamare a Gaya. Yayana aka bari a maƙera, ni aka bayar boko, don Baba ya ce hannuna ba shi da nauyi, bakina ne ke da shi. Na je makaranta da tabon tartsatsin wuta a bayan hannuwana, yara kuwa ba sa barin irin wannan ya wuce. Kullum sai wani ya tambaye ni ko na taho musu da gawayi. Ban taɓa yin dambe a kai ba. Na dai koyi zura hannu a aljihu, kuma har na girma, na fara sa kwat, ban daina ba. Baba shi kuma tun ina aji uku ya laƙaba min Akawu. Da tsokana ya fara, har sunan ya bi ni.

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru aka ƙara min girma a ofis, sai na lura manyanmu ba a ofis suke gama magana ba, a filin golf suke gamawa. Wani Bature da zai koma gida ya sayar min da jakar sandunansa, na shiga sahu. Wasan ba shi da wuyar bayani. Ƙwallo ce 'yar ƙarama mai tauri, ba ta kai ƙwan zabuwa ba, kana bugun ta da sanda mai kan ƙarfe har ta faɗa wani rami can nesa, wanda ya kai da bugu kaɗan shi ya ci. Filinmu na Kano sai da damina yake ganin ciyawa, kewayen ramukan kuma rairayi ne da ake cakuɗawa da baƙin mai a daddale. Da farko don a gan ni na shiga. Kafin shekara ta zagayo abin ya shiga jinina, har a kan sallaya nakan kama kaina ina auna bugun jiya, in yi istigfari.

Sandunan ƙarfen lamba gare su, daga uku zuwa tara. Bambancinsu yana a fuskar da ke dukan ƙwallo. Ta lamba uku kusan a tsaye take, tana kora ƙwallo ƙasa-ƙasa ta yi nisa. Kowace lamba ta gaba fuskarta ta fi ta baya kwanciya kaɗan, ƙwallo ta ƙara tashi sama, nisan ya ragu. In aka wuce tara sai a shiga waɗanda ake kira weji. Ranar da na fara jin sunan na yi dariya, don ni wejin da na sani shi ne katakon da ake cusa wa tayar mota kada ta gangara. Weji ɗaya ne a jakata, na fitar da ƙwallo daga ramin yashi. Fuskarsa kusan sama take kallo, gindinsa kuma mai kauri ne, an yi shi haka don ya zame a kan yashi kada ya nutse.

Tsakanin lamba tara da wannan weji akwai tazara mai yawa, kuma a nan na sha wahala. In ya rage min kamar taku casa'in in kai rami, na ɗauki tara sai ƙwallo ta tsallake, na ɗauki weji sai ta faɗi ba ta kai ba. Na yi ta rage ƙarfin hannu, na yi ta ƙarawa, duk a banza. Wani dattijon likita da muke zagayawa tare ya gaji da jin tsakina, wata rana ya zazzage jakata a ƙasa ya jera sandunan.

Ya ce, "Hannunka lafiyarsa ƙalau. Jakarka ce ke da giɓi."

Ya nuna min gurbin. Ya ce ba a zaɓen weji don kyansa ko don sunan kamfani, sandarka ta ƙarshe kake dubawa, ka nemi wanda zai ɗora daga inda ta tsaya. A aika Ingila kuwa sai an yi watanni. Amma yana da wani weji na yashi da aka ba shi kyauta, bai taɓa buga shi ba. In aka sami wanda zai ɗan tayar da fuskarsa, ta tsaya daidai tsakanin tara da wancan, an toshe giɓin. Ya ce, "In ka san mai iya lanƙwasa ƙarfe ba tare da ya karya ba."

Na karɓi wejin nasa, na ce zan tambaya. A raina kuwa na san wanda ya fi kowa iyawa daga Gaya har Ajingi, kuma shi ya haife ni.

Maganar kwanciyar fuska ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Baba ba ya ƙera fartanya iri ɗaya. Ta jigawa daban take zama a ƙotarta, ta fadama daban, ta noman fari da ta maimai ma ba ɗaya ba ne. Ba ya yi wa mutum fartanya sai ya sa shi ya sunkuya a gabansa, ya ga tsawon hannunsa da yadda bayansa ke karyewa. Ran kasuwar Ajingi za ka ga dattijo da gemunsa yana noman iska a gaban rumfarmu, Baba na kallonsa da ido ɗaya a rufe. Na san duk wannan. Amma ban je ba. Na ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ban so in tsaya a maƙera, a gaban mutanen da suka san ni da majina, in yi bayanin cewa ni, mai mata da 'ya'ya biyu, ƙwallo nake bi a rana. Kuma ban so labari ya zagayo Kano cewa a gidan ubana aka gyara sandar.

Sai na rubuta takarda. Na naɗe sanduna uku a buhu, lamba tara da tsohon weji da sabon, na ba wani direba da ke bin hanyarmu. Bayan gaisuwa na rubuta cewa biyu daga ciki ma'auni ne, kada a taɓa su. Na ukun, mai ƙyalli, shi za a tayar wa fuska ta raba tsakanin biyun. Na ƙara da cewa, "A bi shi a hankali. Sabo ne, ba a taɓa wasa da shi ba." Ban faɗi aikin da ake yi da su ba.

Sau biyu direban yana dawowa hannu wofi. A na biyun ya ce, "Tsoho ya ce aiki ya gamu, amma mai kaya ya zo da ƙafarsa."

Ranar wata Asabar na tafi, da ƙwallo biyu a aljihun kaftanina. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa daga gabas, lokacin da maƙeri ba ya samun sararin shan fura. A ƙofar maƙerarmu na tarar da tarin fartanyu da garemani suna jiran gyara, masu su kuma a zaune a inuwar darbejiya. Na cire takalmi na durƙusa na gaida Baba. Ya amsa bai daina dukan da yake yi ba, sai da ƙarfen ya huce ya ɗago ya ce, "Akawu, ashe ka san hanya."

Yaya ya ja ni gefe ya ba ni labari. Kwana uku Baba ya ajiye aikin mutane saboda sandar nan. Ya ƙwanƙwasa ta ya saurara, ya ce ƙarfe ne mai laushi, ba ya son wuta, da sanyinsa za a bi shi. Ya naɗe wuyanta da fata kada awartaki ya ji mata ciwo. Ya jera ukun a kan uwar maƙera, ya ɗora tsinken tsintsiya a fuskar kowace, yana bugu kaɗan yana komawa ya duba, har tsinken tsakiya ya raba tazarar biyu. Kuma ya gaya wa duk wanda ya zo cewa kayan aikin gwamnati ne ɗansa ya aiko daga birni, an rasa mai iyawa a can. Gari ya ɗauka. Wasu sun ce na awon gona ne, wasu sun ce na tonon gyaɗar gwaji ne, wani ma ya rantse ya ga irinsa a hannun masu kashe macizai. Yaya ya ce, "Tun da ka tafi boko ba ka taɓa kawo masa ko allura ya gyara ba. Ka ga yadda yake tafiya kwanan nan kuwa?"

Baba ya wanke hannu, abin da ba ya yi wa fartanyar kowa, ya sauko da sandunan daga jikin bango. An naɗe su a tsohon rawaninsa. Mutane suka matso. Na jera su a ƙasa na duba ta gefe, daɗi ya kama ni. Fuskar ta zauna daidai inda likita ya ce, ko da injin aka yi iyakarta ke nan. Sannan na juya gindin.

Kaurin nan babu shi. An goge shi da magagari, an bi da dutse, bakin sandar ya koma siriri yana sheƙi. Na taɓa da babban yatsa, ya kama fatata. Aski za a iya yi da shi.

Baba ya ce, "Ka yi gaskiya a takardarka. Waɗancan biyun sun ɗan ci ƙasa, amma wannan ko sau ɗaya ba a taɓa wasa shi ba. Ban san yadda Nasara ke sayar da ƙarfe da baki kamar gindin turmi ba."

Nan take na gane. Yaya ne ya karanta masa takardar, da bokonsa na ajin yaƙi da jahilci, yana bin layi da yatsa. Ɗan ƙaramin "da" ya zame masa, wasa na yara ya koma wasa wuƙa. A baki ba mai haɗa su, don muryarsu ba ɗaya ba ce. A takarda kuwa harafi huɗu ne iri ɗaya, kuma a maƙera aka karanta.

Na dubi fuskarsa, na dubi mutanen da suka zagaye mu. Na ce, "Ya yi, Baba. Allah ya ƙara girma." Niyyata in naɗe kayana in koma Kano, in jefa sandar a bayan kabad, kowa ya zauna da farin cikinsa.

Baba ya ce, "A'a. Ba na sallamar aiki ban ga yana ci ba. Mu je gona."

Wasu suka miƙe za su bi mu, ya ce su zauna, rana ta yi zafi. Mu uku muka zagaya bayan gida, gonar da aka share ana jiran ruwa. Na auna taku casa'in, Yaya ya kafa kara ya rataya hularsa a kai. Na ajiye ƙwallo a ƙasa. Baba ya tsuguna ya ɗauke ta ya jujjuya, ya ɗan cije ta, ya mayar. Na gyara tsayuwa. Na san yana kallon bayana da ido ɗaya a rufe.

Bugun farko sandar ta nutse kamar garma, ta watsa mana ƙasa, ƙwallo ta yi tsalle biyu ta tsaya. Baba ya gyaɗa kai, shi a wurinsa ƙarfe ya shiga ƙasa yadda ya kamata. A na biyu na ɗan ɗage hannu. Ƙwallo ta tashi, ta yi sama daidai yadda na yi wata da watanni ina nema, ta sauko taku uku daga hular Yaya. Na manta kaina har na yi ihu. Yaya ya ɗauko ta ya miƙa wa Baba. Ta tsage, fatar ta buɗe baki, ana ganin zaren roba a ciki.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ka gani? Ya ci." Ya leƙa cikin tsagar. "To mene ne a ciki da ake son a fitar?"

Na ce, "Ba a son ta fashe, Baba."

"To me ake so?"

"Akwai rami can nesa. A ciki ake son ta faɗa."

"In ta faɗa fa?"

"Sai a ciro ta a nufi rami na gaba."

"Sannan?"

Da zan iya ƙirƙiro wani abu. Na iya tsara magana, da ita nake ci. Amma yana riƙe da ƙwallon a tafin hannunsa mai kanta, yana jira da gaske, kamar yadda yake jiran manomi ya gaya masa irin ƙasar gonarsa. Na ce, "Shi ke nan, Baba. Wasa ne."

Ya maimaita kalmar a hankali. Ya sake faɗin ta da ɗaya muryar. Yaya ya laluba aljihu ya fito da takardar, ta yi laushi don ninki, ya bi layin da yatsa har ya tsaya a kan "da". Ya ce, "Wallahi Baba laifina ne, ga shi nan, ni na tsallake."

Baba ya ce, "Ba laifinka. Takarda ba ta da murya. Ni kuma abin da kunnena ya saba ji na ji." Ya juyo gare ni. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Manya ne ke yi?"

"Manya ne. Har da likitoci."

"To ba laifi. Mutum ya gaji ai sai ya huta." Ya jujjuya ƙwallon a hannunsa. "Su abokan wasan naka, ka gaya musu wurin wa ka aiko?"

Na ji hannuna ya shige aljihu da kansa. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya karɓi sandar ya yi gaba.

A 'yar tafiyar nan daga gona zuwa maƙera na shirya abin da zan gaya wa mutane. Zan ce na gwajin ƙasa ne, an gwada kuma ya yi. Yaya ba zai tona ba. Ina ganin wannan ce kaɗai kyautar da ta rage zan iya yi wa Baba, in bar masa girmansa a gaban masu fartanyun da ya sa suka jira. Na daɗe ina tunanin wannan tafiya. Yanzu da na tsufa na gane ko a lokacin rabin shirin don kaina na yi shi.

Bai ba ni dama ba. Tun kafin mu zauna wani ya ce, "To, ya yi?"

Baba ya ce, "Kwanciyar ta yi. Bakin ne na ɓata. Ashe na wasa ne, ƙwallo Akawu ke bugawa da shi a birni. Ni ne ban ji da kyau ba."

Dariya ta ɓarke. Wani tsoho abokin wasansa, Bafillace, har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai maƙeri! Kwana uku garmata na kwance, hadari na haɗuwa, ashe langa kake yi wa gyara?" Wani ya ce a kawo masa tasa ƙwallon shi ma. Baba ya bar su suka yi mai isarsu, har ya ɗan taya su. Ni kuwa ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar ƙwallo ba ce.

Ya zauna a kan buzunsa, ya jawo dutsen washi, ya yayyafa masa ruwa. Na zaci wani abin zai gyara. Sai ya kafa bakin sandar a tsaye a kan dutsen, ba a kwance ba, ya danna ya ja. Ƙarar ba irin wadda aka saba ji a maƙera ba ce, har haƙori take taɓawa. Dariyar ta mutu da kanta. Shekara hamsin yana fitar da kaifi, ba wanda ya taɓa ganin ya kashe shi da hannunsa. Yaya ya juya baya ya shiga tara gawayin da ba ya bukatar tarawa. Baba ya yi ta ja, yana tsayawa ya gwada da yatsa, yana komawa. Ya zagaye bakin ta sama da ta ƙasa har ya yi sumul. Daga ƙarshe ya goga shi a damtsensa da ƙarfi, bai bar ko zane ba.

Ya share sandar da gefen rigarsa ya miƙo min ta wajen mariƙi. Ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Karɓi, Akawu. Kaurin da na cire ba zai dawo ba, amma ba za ta ƙara yanka maka ƙwallo ba. In sun tambaye ka wa ya yi, ka ce wani maƙeri ne a hanyar Gaya. Ba sai ka ƙara komai ba."

Ya jawo garmar Bafillacen daga cikin tarin, ya tura ta a wuta, ya ce wa Yaya ya zuga.